A Bar Kaza Cikin Gashinta: Cimar Macizai da Damo a Hannun Ɗan Adam

Duk mai kiwon kaji a karkarar Kusada da Kankiya ya san cewa ba shaho da muzuru kaɗai ne abokan gabarsa ba. A Boko da ƙauyukan da ke kewaye da ita, inda gonakin gero da dawa suke zuwa har gindin dangar gida, da zarar damina ta kankama akan wayi gari a tarar da kaza tana kyarkyara a bakin akurki, ƙwan da take kwanci a kai ya ragu, ko kuma 'yan tsaki biyu sun yi ɓatan dabo. Sau da yawa ɓarawon nan kumurci ne ko gamsheƙa, waɗanda suka biyo sawun ɓera ko kwaɗo suka shigo gida, sa'an nan suka ci karo da abin da ya fi sauƙin kamawa. A gidajen da ke kusa da fadama ko madatsar ruwa kuwa, mesa da guza ma sukan taɓa nasu rabon.

Daga irin wannan gani ne mutane suka yanke hukuncin cewa abincin maciji kaza ne. Saboda haka idan wani ya kama maciji ko damo ya tsare, abin da yakan fara faɗo masa a rai shi ne ya nufi wurin masu yanka da figar kaji a kasuwa, ya sayo abin da ya fi araha: kai, da ƙafafu, da wuya, da hanji, ko kuma in yana ji da dabbar sosai ya sayo mata tsokar ƙirji zalla. Hukuncin nan rabinsa gaskiya ne, kuma rabin da ya rage shi ne ke kashe dabbar, kisan da ba ya zuwa farat ɗaya, sai bayan watanni, lokacin da mai ita ya riga ya manta da cewa abinci na iya zama sanadi.

Su wa ke tsare macizai?

Mai karatu na iya cewa kiwon maciji ba al'adar Bahaushe ba ce, domin tun daga macijin rijiyar Kusugu ta Daura, labarin maciji a ƙasar Hausa yakan ƙare ne da sare kai. Duk da haka akwai masu tsare su. Na farko su ne gardawa masu wasa da macizai da kuraye, waɗanda suke yawo kasuwa-kasuwa da akwatuna da ganguna suna tara jama'a suna sayar da magunguna (ba gardawan makarantar allo ake nufi ba, suna ne kawai ya zo ɗaya). Labarin waɗannan mutane ya kai har Turai bayan da wani mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya bi wata ƙungiyarsu tsakanin 2005 da 2007. Na biyu su ne gidajen namun daji, irin gidan zu na Audu Baƙo da aka buɗe a Kano a farkon shekarun 1970. Na uku masu bincike ne: maganin dafin maciji na EchiTAb da ya ceci rayuka da yawa a asibitin Kaltungo ta Jihar Gombe, asalinsa macizan Nijeriya ne da aka kai su makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful a Ingila, aka tsare su ana tatsar dafinsu, sa'an nan aka haɗa maganin a Birtaniya da Kosta Rika. Maciji mai yunwa ko mara lafiya ba ya ba da dafin kirki, don haka ciyar da shi wani ɓangare ne na aikin magani.

Sai kuma mutanen Turai da Amurka da Asiya masu kiwon macizai don sha'awa, kamar yadda ake kiwon tantabara a nan. Wata ƙaramar mesa mai dunƙulewa kamar ƙwallo in ta tsorata, an fitar da miliyoyinta daga ƙasashen Gana da Togo da Binin tun daga shekarun 1970, haka kuma dubban 'ya'yan damo sukan bi wannan hanya kowace shekara. Yawancin abin da likitocin dabbobi suka sani game da illar mugun abinci ga waɗannan halittu, daga gawarwakin irin waɗannan ne suka koya. Rukuni na ƙarshe, wanda ya fi kusa da masu karanta wannan mujalla, su ne yaran da sukan haƙo damo a gona su ɗaure shi a bayan ɗaki, da malaman ilmin halittu da sukan ajiye ƙadangare ko hawainiya a ɗakin gwaje-gwaje na makaranta.

Yadda maciji yake cin abinci

Maciji ba ya tauna, ba ya kuma yagar nama. Haƙoransa sirara ne masu lanƙwasa zuwa ciki, aikinsu riƙewa kawai. Ana yawan cewa muƙamuƙinsa yakan goce idan zai haɗiyi babban abu, amma ba haka ba ne. Muƙamuƙinsa na ƙasa ɓari biyu ne, dama da hagu, waɗanda ba su haɗe da ƙashi a haɓa ba, sai wata jijiya mai talewa. Ɓari ɗaya yakan riƙe, ɗayan ya matsa gaba, a haka a haka har bakin ya hau kan abincin kamar yadda ake zura safa a ƙafa. Bakin bututun numfashinsa kuma yakan leƙo ta ƙasan abincin, shi ya sa ba ya shaƙewa. Kusan kullum ta kai yake farawa, don gashi da fukafukai da ƙafafu su kwanta su bi hanya.

Abin da ke faruwa bayan haɗiya shi ya fi ban mamaki. A shekarun 1990 wasu masana biyu a Amurka, Stephen Secor da Jared Diamond, sun yi nazarin mesar ƙasar Bama, 'yar uwar mesar da ke fadamun Arewa. Sun gano cewa idan mesa tana zaman jiran abinci, tumbinta a kashe yake kamar murhun da ba wuta: ba ya fitar da ruwan tsami, ma'auninsa na pH yana wajen 7, daidai da ruwan sha. Da zarar abinci ya shiga, ma'aunin yakan faɗo zuwa 2 ko ƙasa da haka, ya zauna a nan kwana da kwanaki. Nauyin hanjinta yakan kusa ninkawa cikin kwana biyu zuwa uku, iskar da jikinta ke ƙonawa kuma tana iya ninkawa har fiye da sau 40 idan abincin babba ne ƙwarai. Cikin mako guda ƙashi da nama da kayan ciki duk sun narke. Gashi da farata ne kawai suke fita ta baya, su ma ba a banza ba, domin su ne ke ɗaure kashin ya fita a dunƙule.

A 2025 kuma wani masani na Jami'ar Montpellier ta Faransa, Jehan-Hervé Lignot, da abokan aikinsa suka bayyana wani nau'in ƙwayar halitta a bangon hanjin mesa wanda ba a san da shi ba a da. Aikin waɗannan ƙwayoyi shi ne tattara rarar sinadaran kalsiyam da fosforas da suka fito daga narkakken ƙashi su dunƙula su, don kada su yi wa jini yawa. Da aka ciyar da macizan da naman da aka zare wa ƙashi, sai ƙwayoyin suka zauna ba aiki, kalsiyam ɗin jininsu kuma ya ragu. Wato dai jikin maciji an shirya shi ne domin karɓar dabba sukutum, da ƙashinta da hantarta da gashinta. A nan karin maganar Hausawa ta faɗa daidai kan gaɓa, ko da yake ba don haka aka yi ta ba: a bar kaza cikin gashinta.

Lissafin kalsiyam da fosforas

Kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin da ke jikin kaza, ko ɓera, ko mutum, a cikin ƙashi yake. Tsoka kuwa cike take da fosforas, amma kalsiyam ɗinta bai taka kara ya karya ba. A giram 100 na tsokar ƙirjin kaza akwai kimanin miligiram 10 na kalsiyam ko ƙasa da haka, da kimanin miligiram 200 na fosforas, wato 1 bisa 20. A hanta abin ya fi haka muni, domin fosforas ɗinta ya kusa miligiram 300. Alhali abin da dabbobi masu jan ciki suke bukata shi ne kalsiyam ya yi daidai da fosforas, ko ma ya ninka shi. Babban ɓera guda, idan aka haɗiye shi ɗungurungum, yana ba da kusan wannan ma'auni ba tare da an ƙara masa komai ba.

To me zai faru idan aka yi wata shida ana bai wa ɗan mesa ko ɗan damo tsoka zalla? Jini ba ya yarda kalsiyam ɗinsa ya ragu, saboda da shi zuciya take bugawa, da shi tsoka take motsi, da shi jijiyoyi suke isar da saƙo. Akwai wasu 'yan ƙullutai ƙanana a wajen wuya, masana suna kiran su faratairod, waɗanda aikinsu ke nan gadin wannan ma'auni. Da sun ji ya yi ƙasa, sai su saki wani sinadari da ke umartar ƙashi ya saki nasa kalsiyam ya zuba a jini. Tamkar magidanci ne da hatsinsa ya ƙare, ya shiga zare azarar ɗakinsa yana sayarwa don ya ci abinci: cikinsa a ƙoshe, amma rufi yana sauka a kansa kaɗan-kaɗan.

Alamun sun fi fitowa fili a jikin damo da ƙadangare. Muƙamuƙi yakan yi laushi har a iya lanƙwasa shi da yatsa, ya kumbura, baki ya ƙi rufuwa daidai. Ƙafafu sukan yi kauri, mai kiwo ya ɗauka ƙiba ce, nan kuwa jiki ne yake naɗe rarraunan ƙashi da zaruruwa don ya tallafe shi. Daga nan sai yatsu su riƙa karkarwa, dabbar ta kasa ɗaga cikinta daga ƙasa, ƙashi ya karye ba tare da an buge shi ba. A jikin maciji gadon baya ne ke yin ƙusumbi, haƙarƙari su karairaye. Macen da ke ɗauke da ƙwai ta fi shiga haɗari, don ɓawon ƙwai ma daga wannan rumbu ake ɗiba. Kuma ƙashin da ya riga ya lanƙwashe ba ya komawa yadda yake ko da an gyara abinci daga baya.

Wannan darasi ba sabo ba ne, kuma ba daga macizai aka fara koyonsa ba. A shekarun 1880 gidan namun daji na Landan ya yi ta asarar 'ya'yan zaki, domin ana yaye su da jan nama marar ƙashi, ƙafafunsu su lanƙwashe, su mutu. A 1889 wani likita, John Bland-Sutton, ya ba da shawarar a riƙa haɗa musu da dakakken ƙashi da man hantar kifi, kuma cikin 'yan watanni suka miƙe. A lokacin ba wanda ya san da bitamin D, sai bayan shekara talatin da wani abu aka gano cewa shi ne sirrin da ke cikin man.

Bitamin D ɗin nan shi ne mabuɗin da ke bai wa kalsiyam hanyar shiga jini daga hanji. Maciji yakan sami nasa mafi yawa daga hanta da kitsen dabbar da ya haɗiye. Ƙadangare da damo da hawainiya kuwa fatarsu ce ke ƙera shi idan suka sha hantsi, da taimakon wani ɓangare na hasken rana wanda ido ba ya gani, wanda kuma gilashin taga yake tarewa. Masu kiwo a Turai kuɗi suke kashewa su sayi fitilu na musamman saboda wannan haske. Abin takaici ne a ce a ƙasar Katsina, inda rana take kyauta kusan kowace safiya ta shekara, damo ya kamu da ciwon rashin rana don an kulle shi a akwati ko a ƙarƙashin gado.

Kaza gaɓa-gaɓa

Ba duk sassan kaza ne suke daidai ba. Wuya shi ne mafi dama a cikinsu: ƙasusuwansa ƙanana ne masu yawa, nama ya lulluɓe su, siffarsa kuma doguwa ce mai sauƙin haɗiya, kalsiyam ɗinsa ba laifi. Sai dai babu hanta a wuya, babu ƙoda, saboda haka bitamin A da wasu sinadarai sun yi ƙaranci. Kai yana da ƙashi da ƙwaƙwalwa da idanu, amma baki mai tsini na iya yin rauni. Ƙafafu ƙashi ne da jijiya da fata, naman kirki kaɗan ne, ga kuma farata da ya kamata a yanke. Fiffike da cinyar kajin gidan gona kitse ya yi musu yawa, domin an ƙirƙiro irin ne don ya yi nauyi cikin mako shida zuwa takwas. Zuciya da ƙundu, duk da ana lissafa su cikin kayan ciki, tsoka ce kawai, matsalarsu ɗaya da ta ƙirji. Hanta taska ce ta bitamin A, amma jiki ba ya zubar da rarar wannan bitamin, yana tara shi ne har ya zama guba, fata ta kumbura ta riƙa saɓulewa. Kaɗan ake so, gwargwadon yadda take a jikin kazar kanta. Hanji kuma shi ne matattarar ƙwayoyin cuta, yana saurin ruɓewa, gara a bar wa masu kiwon tarwaɗa da suke tafasa shi kafin su zuba.

Akwai haɗari na dabam a sarar da mahauci yake yi. Ƙashin tsuntsu mai rami ne a ciki, idan aka sare shi da wuƙa yakan bar baki mai kaifi kamar tsinken kara. A jikin kaza mai rai nama da gashi sun rufe kowane ƙashi, amma guntun cinya da aka datse yana iya tsaga maƙoshin maciji, wanda fatarsa siririya ce. Idan za a raba, a gaɓa ake rabawa. Dafaffen ƙashi ya fi ɗanye haɗari don ya fi saurin tsagewa, naman da aka sa wa gishiri da yaji da albasa kuwa ba abincin waɗannan dabbobi ba ne sam.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne ɗan tsako sukutum. Kamfanonin ƙyanƙyasar kajin ƙwai ba su da bukatar zakaru, don haka 'yan tsaki maza masu kwana ɗaya suna da araha, kuma gidajen namun daji a duniya suna amfani da su sosai. Su ma suna da nasu gibin: ƙashinsu bai ƙosa ba, ragowar gwaiduwar da ke cikinsu tana da maiƙo, kashin macijin da ke cin su kullum yakan yi ruwa-ruwa da wari. Tsakon da ya yi mako biyu ko uku ya fi. Mafi kyau duka a riƙa sauyawa, yau tsako, wani karon ɓeran da aka kiwata musamman. Ba ɓeran rumbu ba, wanda mai yiwuwa ya ci shinkafar ɓera, ga kuma haɗarin zazzaɓin Lasa ga mai kama shi.

Idan dole ta sa sai an ba da tsoka, akwai gyaran da kowane ɗalibin aji huɗu zai iya lissafawa. Ɓawon ƙwai kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa kalsiyam ne. Giram 100 na tsoka mai fosforas miligiram 200 yana bukatar kalsiyam miligiram 300 don a sami ɗaya da rabi bisa ɗaya. Akwai 10, saura 290, wato kimanin giram 0.7 na garin ɓawo. Ɓawon ƙwai guda, wanda nauyinsa ya kai giram 5, idan aka tafasa shi aka shanya aka daka lukui, ya ishi fiye da rabin kilo na nama. Wannan ya toshe ɓaraka ɗaya ce kawai, bai maye gurbin hanta da gashi da sauran abin da ke cikin dabba cikakkiya ba.

Damo ba ƙaramar mesa ba ne

Kuskuren da ake yi wa damo ya fi na maciji girma, saboda shi ba ya ƙin abinci, duk abin da aka jefa masa sai ya haɗiye. Amma masanan da suka bi shi a daji, irin su Mamadou Cissé a Senegal a farkon shekarun 1970 da Daniel Bennett a Gana a shekarun 1990, sun tarar da cewa cimarsa ƙwari ce: gyare, da ƙadandoniya, da buzuzu da sauran ƙwaro, da fara, da kunama, da dodon-koɗi, sai ɗan ƙwai ko kwaɗo jefi-jefi. Da damina yakan ci kamar ba gobe, ya tara kitse a cikinsa da gindin wutsiyarsa. Da rani ya kama sai ya shige rami ko kogon itace, ya yi watanni bai sa komai a bakinsa ba. Manoman Kusada sun san wannan tun kafin masana su rubuta, kuma a nan ne kirarinsa na sarkin haƙuri ya samo tushe.

Dabbar da aka gina jikinta don ta yi yawon neman ƙwari wata huɗu ko biyar, sa'an nan ta yi azumin sauran shekara, idan aka tsare ta a wuri ɗaya ana ba ta fatar kaza da kitse kowace rana har shekara ta zagayo, sakamakon a bayyane yake. Kitse yakan cika mata ciki, ya mamaye hanta har ta koma ruwan ɗorawa ta daina aiki. Yawancin 'ya'yan damon da ake kaiwa Turai ba sa yin tsawon rai, kuma ƙiba da ciwon hanta da na ƙoda suna cikin manyan dalilai. Maganar ƙoda tana da nata bayani. Farin abin da ake gani a kashin ƙadangare da na tsuntsu shi ne fitsarinsu, wani gishiri ne da jiki ke fitar da dattin furotin ta hanyarsa don tsimin ruwa. Idan nama ya yi yawa, ruwan sha kuma ya yi ƙaranci, gishirin nan yakan taru a gaɓoɓi da ƙoda da jikin zuciya kamar garin alli.

Ɗanyen ƙwai ma da ake ganin shi ne gatan damo da guza yana da tarko. A cikin farin ƙwai akwai wani furotin mai suna abidin, wanda yake kama bitamin biyotin ya hana jiki amfani da shi. A daji ƙwai abincin wani lokaci ne, kuma galibi akwai ɗan tayi a ciki. Amma damon da aka ɗora a kan ɗanyen ƙwan gidan gona kullum, tsokarsa takan yi rauni ya riƙa rawar jiki. Dafawa tana kashe ƙarfin abidin. Guza ta fi damo karɓar nama, don a daji tana cin kifi da kwaɗi da ƙaguwa da tsuntsaye har da mushe, amma ita ma da ƙashi da ɓawo take haɗiye su. Ƙadangaren bango da tsaka da hawainiya kuwa ƙwari masu rai suke ci, hawainiya ma ba ta kula abin da ba ya motsi. Babban kunkurun nan na Sahel da ake ajiyewa a wasu gidaje ciyawa ce abincinsa, ba shi da haɗi da kaza ko kaɗan.

Zafi, lokaci da amai

Jikin maciji ba ya ƙera zafin kansa, aron na wuri yake yi, narkar da abinci kuma sai da zafi, wajen digiri 28 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyas. Da hunturu, lokacin da sanyin asuba a ƙasar Katsina yake sauka ƙasa da digiri 15, abincin da aka ba maciji yana iya ruɓewa a cikinsa kafin ya narke, sai ya amayar da shi, ko ya kumbura ya mutu. Da bazara kuma akwatin kwano da aka bari a rana tanda ne. Ƙaramin maciji yakan ci sau ɗaya a mako, babba bayan mako biyu, ƙatuwar mesa ma sau ɗaya a wata ya ishe ta. Kada kaurin abincin ya wuce wurin da ya fi kauri a jikinsa da yawa. Idan idanunsa suka yi hazo, alamar zai yi saɓa ke nan, ba ya cin komai sai ya tuɓe.

Bayan ya ci kuma yana bukatar aƙalla kwana biyu ba a taɓa shi ba, don maciji mai cikakken ciki idan ya tsorata amai yake yi ya rage kaya. A nan ne sana'ar gardi ta yi karo da lafiyar dabbarsa: macijin da za a rataya a wuya gobe a kasuwa ba zai riƙe abin da ya ci yau ba. Idan kuma an karya masa haƙoran dafi, kamar yadda wasu masu wasa suke yi, bakin yakan yi gyambo ya hana shi ci, haƙoran kuma sukan sake tsirowa cikin makonni, abin da ya jawo ajalin masu wasa da dama. Shi maciji da harshe yake shinshina, yana ɗebo ƙamshi ya kai wa wasu 'yan ramuka biyu a dasashinsa na sama, mesa kuma tana da ƙananan ramuka a leɓe masu jin ɗumin jiki. Hannun da ya taɓa kaza, ga ƙamshi ga ɗumi, a wurinta kaza ne. Da dogon awartaki ake miƙa abinci.

Haɗarin da ke komawa kan mutum

Ɗanyar kaza da dabbobi masu jan ciki sun yi tarayya a abu ɗaya, wato ƙwayar cutar salmonela mai sa zazzaɓi da gudawa da amai. Maciji da ƙadangare sukan ɗauke ta a hanjinsu ba tare da sun yi ciwo ba, su riƙa zubar da ita a kashi, ta manne a fatarsu da akwatinsu da kwanon ruwansu. Wani nazari da aka buga a Amurka a 2004 ya ƙiyasta cewa mutum 74,000 ne suke kamuwa da ita kowace shekara a can ta hanyar irin waɗannan dabbobi da kwaɗi, kuma tun 1975 ƙasar ta hana sayar da ƙananan kunkuru saboda yara suna sa su a baki. Sanyin firji ba ya kashe ta. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, da mai juna biyu, da tsoho, su ne ta fi kayarwa. Wanke hannu da sabulu bayan kowace taɓawa, da raba wuƙa da kwanon dabba da na girki, su ne kariyar, ba kuwa a wanke akwatin a bakin rijiya.

Mushen kaza shi ne abin da ya fi jan hankalin mai neman araha, musamman da hunturu lokacin da annoba take share kajin gida. Tun watan Fabrairu na 2006, da aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gona a Jaji ta Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka, cutar ta sha dawowa gonakin Arewa, kuma tana iya kama wanda ya fige ko ya feɗe tsuntsun da ta kashe. Kazar da ta mutu da kanta ramin binnewa ne makomarta. Haka kuma wadda ta mutu ana tsakiyar ɗura mata magunguna, domin ragowarsu tana nan a hanta da ƙoda.

Game da makarantu, dokar kare namun daji masu fuskantar ƙarewa, wato doka ta 11 ta 1985 wadda aka yi wa gyara a 2016, ta ambaci mesa da damo da guza cikin dabbobin da ba a kama su ko cinikinsu yadda aka ga dama. Kububuwa da kasa da kumurci da gamsheƙa kuwa ba su da wurin zama a aji ko a ɗakin kwanan ɗalibai ko da wane irin dalili. Malamin da yake son ɗalibansa su ga yadda mai jan ciki yake farauta, ƙadangaren bango ya ishe shi: keji mai ragar waya a inda hantsi yake sauka, da inuwa a gefe guda, da ɗan ruwa a murfin kwalba, da fara ko gara da ɗalibai za su kamo daga gonar da ba a yi wa feshi ba. Bayan mako guda, idan an gama rubuta abin da aka gani, sai a mai da shi gindin bangon da aka kamo shi, don namijin ƙadangare yana da yankinsa, kuma idan ya daɗe ba ya nan wani jan gwada zai gaje wurin.